Wa Zai Taɓa Kan Malami?

Litinin, bayan la'asar

Kang Yayat ya ce in ba zan daina zagaye ɗaki ina magana ni kaɗai ba, in nemi takarda in zuba mata, shi kunnensa ya cika. Miji ke nan. To ga takardar.

Maganar Asabar ba zan rubuta ta ba. Pak Engkos, malamin wasanninmu, yana asibitin birni. An ce bai buɗe ido ba tukuna, an kuma ce likitoci ba su fid da rai ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Ɗankwalin da na ɗaura ranar na jiƙa shi, na wanke, na sake jiƙawa, tabon ya ƙi fita, na cusa shi a murhu.

Da safe shugaban makaranta, Pak Sobana, ya tara mu a ɗakin malamai ya ce daga yau babu sauran zuwa sansanin igiya, kuma kada wanda ya yi wa yara zancen. Yana magana yana kallon bango, alhali duk wanda ke ɗakin ya san ni na kawo tsarin nan makarantar. Ni nake kwasar 'yan aji uku duk shekara in kai su dajin da ke saman gonakin shayi, su hau igiya, su riƙe wa juna, su dawo suna iya ɗaga kai su yi magana a gaban mutane. Na yi shiru. Ni Imas na yi shiru, wannan ma abin a rubuta ne.

Ajina kamar gidan makoki. Nenden ba ta zo ba, yarinyar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta zuwa ba, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Su rufe sansanin, su rufe dajin ma in sun ga dama, amma yarinyar nan ba zan yarda ta sulale min ba.

Talata, da rana

Ba ta zo ba.

Laraba, bayan magariba

Na hau acaba zuwa unguwar masu tsinkar shayi. Hanyar duk taɓo, ɗan acaban yana ta mita wai na yi nauyi, na ce masa babur ɗinsa ne ya tsufa.

Uwar Nenden, Bi Onah, ta shimfiɗa min tabarma ta kawo shayi da dafaffen rogo, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi min laifi. Ta ce tun Litinin yarinyar take binta gona da kwando a baya, wai makaranta ta ishe ta, ita kuma ba ta da bakin da za ta hana ta, hannu biyu sun fi ɗaya a gona. Na ce Bi, wannan yarinyar ita ce ta ɗaya a ajina. Ta ce ta sani, Bu, wato Malama, amma mutum ba ya karatu da zuciyar da ta karye.

Sai ga Nenden ta shigo, takalmin roba har gwiwa. Ta kama hannuna ta kai goshinta yadda aka saba, ba ta ɗago ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na koma lallashi. Can da na miƙe zan tafi ta yi magana, da ƙyar na ji.

"Na ga madaurin hularsa a kwance, Bu. Amma kansa ne."

Wallahi sai da na koma na zauna.

Dokar sansanin ɗaya ce. Ba mai hawa sai abokinsa ya duba shi da hannu: ya ja ɗamarar ƙugu, ya murɗa ƙugiya, ya kama hular kwano ya jijjiga, ya sa yatsa ƙarƙashin haɓa ya ji madaurin. In mai dubawa bai ce "hau" ba, ko sarki ne ba ya hawa. Yara da yara suna yi suna dariya, har da ranƙwashi. To ranar Asabar Pak Engkos ya ce shi zai fara hawa don ya cire musu tsoro, ya kira Nenden, wadda ta fi kowa natsuwa, ta duba shi. Ta ja ɗamarar, ta murɗa ƙugiyar. Da ta zo kan hular sai ta sunkuya ta ce a gafarce ta, ta duba da ido, ta ce masa ya hau. Haka ya hau da madauri a kwance, kan nasa kuwa shi ya bugu.

Wace 'yar mutunci ce a garin nan za ta ɗora hannu a kan malaminta? Mu muka koya mata. Tun tana rarrafe ake buge mata hannu in ta kai shi kan babba. Ni kaina na sha koro yara daga ofis don sun wuce gabana ba su rusuna ba. Yarinyar ba ta yi komai ba sai abin da aka rene ta a kai, yanzu kuma ita kaɗai ke ɗauke da shi.

A hanyar dawowa na yi kuka a bayan ɗan acaba, ya ɗauka iska ce.

Alhamis, da hantsi

Ya buɗe ido! Matarsa ta bugo wa Pak Sobana. An ce abu na farko da ya nema soyayyar awara ce da ɗanyen barkono. Na fita tsakar makaranta na yi sujada a kan siminti, gwiwata har yanzu tana min tsiya, ban damu ba.

Asabar, da yamma

Na je sansanin ni kaɗai, ba da sunan makaranta ba. An naɗe igiyoyin duka an rataye a rumfa. Teh Wiwin, mai kula da wurin, tana zaune tana goge ƙugiyoyin da ba su da datti. Matar nan da muryarta ke kaiwa ƙauye na gaba, yau sai da na matsa kusa kafin in ji gaisuwarta. Ba mu kalli itacen da abin ya faru ba, ni da ita. Ta ce da ma babba babba ke dubawa, ranar ce kawai aka ba yarinya. Na ce kada ta ƙarasa.

Na faɗa mata abin da Nenden ta ce. Ta daɗe tana jujjuya tsumma, sannan ta ce duk shekarun nan tana koya wa yara su yarda da igiya, su yarda da juna, bai taɓa zuwa mata ba cewa akwai yaron da zai fi tsoron rashin kunya a kan tsoron mutuwa. Na ce ba ɗaya ba ne, duk ajin ne, da yawansu sun ga madaurin nan.

Na roƙe ta aron hular kwano guda. Ta tambaye ni me zan yi da ita, na ce za ta ji labari. Ta ba ni ja, wai ta fi dacewa da halina.

Litinin, bayan azahar

Na shiga aji da hular kwano a kan ɗankwalina, madauri yana reto. An hana ni zancen igiya, ba a hana ni sa hula ba. Na ce musu ba zan cire ta ba, ba kuma zan ɗaure ta ba, sai ranar da wani a cikinsu ya taso ya ɗaure min da hannunsa, ya kama kaina ya jijjiga. Daga nan na juya na ci gaba da darasin lissafi.

Ko tari babu wanda ya yi. Da na sunkuya ɗaukar alli hular ta faɗi ta gangara har layin baya. Wani yaro ya ɗauko, ya goge ta da rigarsa, ya kawo min da hannu biyu yana rusunawa, ya koma ya zauna. Na ce ka kyauta, ɗan albarka, da a saman itace nake da yanzu ana wanke ni. Ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi. Kai, ladabin yaran nan zai kashe mutum.

Ba ta zo ba.

Talata, da yamma

Da hular na je kasuwa. Mai kayan miya ta tambaye ni ko yaƙi aka fara ba a gaya musu ba. Kang Yayat ya koma kirana kwamanda, yana sara min in na kawo masa abinci. Pak Sobana ya gan ni a baranda, ya juya ya shige ofis.

Laraba, da rana

Sau ba adadi ta faɗi yau. Sau ba adadi aka miƙo min ita da hannu biyu. Kaina yana ciwo, gumi ya jiƙe ɗankwali.

Alhamis, ana tashi daga makaranta

Alhamdulillahi!

Popon ce. Popon mai bakin tsiya, wadda ke sayar wa 'yan aji soyayyar ayaba a ɓoye ƙarƙashin tebur tana zaton ban sani ba. Hular ta faɗi kamar kullum, wannan karon ta daki ƙafarta. Ta ɗauka ta tsaya tana huci, ta ce ita dai ta gaji, Bu, ko karatun ba a ji saboda ƙarar kwanon nan. Na ce to ki raba ni da shi mana. Ta taho kamar wadda za a yi wa allura. Ta nemi gafara har sau uku, ta nemi gafarar iyayena da kakannina, ta runtse ido ta kifa min hular, ta ɗaure, har ta haɗa da fatar haɓata. Na ce saura jijjigawa. Ta ce innalillahi, ta kama kaina da hannu biyu ta girgiza kamar mai zaɓen kwakwa.

Duk ajin yana jiran aradu ta faɗo. Na kira ta yadda muke kiran 'yan mata, na ce, "Na gode, Neng. Yanzu zan iya hawa."

Sai dariya ta ɓarke, irin wadda ban ji ba tun kafin Asabar ɗin nan. Wasu suna dariya suna share hawaye. Na kwance madaurin na ce na gaba. Kafin a kaɗa ƙararrawa babu wanda bai taɓa kaina ba, wuyana kamar ba nawa ba. Na gaya musu gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma ranar da ka ga babba zai halaka ka yi shiru don kunya, ba ladabi ka yi masa ba.

Na sayi ayabar Popon duka na raba wa aji. Ta ce ashe Bu ta sani. Na ce tun kina aji ɗaya.

Juma'a, bayan sallah

Na aika wa Nenden labari ta bakin Popon. Ta dawo ta ce ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ta ɗauki kwandonta.

Litinin, da azahar

An kai ƙarata. Uban wani yaro a ajina ya zo ofis yana kumfar baki, wai da safe zai hau babur ɗansa ya tare shi a ƙofar gida, ya kama masa kai ya jijjiga a gaban maƙwabta, ya ce madaurin Baba a kwance yake. Wai mu muke lalata tarbiyyar yara, yau kai, gobe sai mari. Pak Sobana ya kira ni in ba da haƙuri. Na bayar, har da rusunawa. Amma ina kallon mutumin nan ta taga da zai tafi, ya ɗaure hularsa tam, har ya sa yatsa ya gwada.

Bayan ya fita na roƙi Pak Sobana ya bar ni in mayar da ajin sansani sau ɗaya tak. Na ce yarinyar nan a gindin itacen can ta bar kanta, can kuma za a je a ɗauko ta. Ya ce Bu Imas, kina so a rufe makarantar ne? Ya ce in cire hular nan, in kuma bar zancen Nenden, ba ita ce ta farko da ta bar karatu ta koma gona ba.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi.

Talata, da safe

Ban sa hular ba. Ba ta zo ba. Ruwa tun asuba.

Laraba, da yamma

Ba ni da abin rubutawa. Na ƙona shinkafa.

Alhamis, bayan la'asar

An sallamo Pak Engkos, na je gaishe shi da ƙunshin awara. Ya rame. An aske masa kai ƙwal, ɗinkin ya taso daga bayan kunne ya hau sama, na kalla sau ɗaya na mayar da ido kan tabarma. Maganarsa ta yi nauyi, yakan nemi kalma ya rasa sai ya yi dariya ya nuna abin da hannu. Hannun ma na dama yana ɗan karkarwa.

Ba ya tuna komai na ranar. Ya ce abu na ƙarshe da ya sani shi ne muna cikin mota yara suna waƙa. Ya tambaye ni yadda aka yi, matarsa ta harare ni daga bakin ƙofa, na ce ƙaddara ce. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce 'yan ajin duk sun zo duba shi rukuni-rukuni, sun cinye masa lemo, amma akwai fuska ɗaya da bai gani ba.

"Ita ta duba ni, ko?"

Na ce ita ce. Na gaya masa sauran, na hular, na Popon, na gonar shayi. Da na zo kan mutumin da ɗansa ya jijjiga, ya yi dariya har matarsa ta shigo da gudu. Da ya natsu ya ce shi da ya shekara yana ɗaure wa yara hula, shi ne ya miƙa kansa ga 'yar mutane ya ce ta taɓa, bai ko yi tunani ba. Ya ce a ba shi hularsa ta sallah da sandarsa, gobe zai je makaranta. Matarsa ta ce sai dai ya bi ta kan gawarta. Ya ce to ta kwanta da wuri don da sassafe zai fita.

Juma'a, da hantsi

Ya zo! Matar tasa ce ma ta riƙo shi, fuska a murtuke. Ya shiga ofishin Pak Sobana, ya zauna, ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ban ji abin da suka ce ba, duk da na daɗe ina gyara takalmina a bakin ƙofar. Na dai san ba a iya cewa a'a ana kallon ɗinkin nan.

Pak Sobana ya fito ya ce gobe a je sansanin, rana ɗaya, da yardar iyaye, kuma shi ma zai je ya gani da idonsa. Likita ya ce ko kujera kada Pak Engkos ya taka, matarsa ta sa na rantse zan sa masa ido. Na rantse. Na bugo wa Teh Wiwin, ta yi ihun da sai da na janye wayar daga kunne. Muryarta ta dawo.

Saura Nenden. Popon ta ce in bar musu wannan.

Asabar, bayan magariba

Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, Kang Yayat yana dama min shayin citta. Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Babbar mota ta ɗauke mu da sassafe. Da muka kai gonakin shayi Popon ta daki bayan direba ta ce ya tsaya, yara suka dirgo suka bazu cikin layukan suna kiran sunan Nenden. Muka same ta tare da uwarta da sauran mata. Da ta gan mu ta juya baya, ta ce ba za ta iya zuwa ba, kwandonta ko rabi bai yi ba. Popon ta ce wannan ne kawai? Kafin ka ce kwabo duk ajin ya faɗa wa shayin mutane. Matan suka hau salati, wai tsofaffin ganye suke tsigewa, wai za su sa a kore su daga aiki. Bi Onah tana bin su tana buge musu hannu tana nuna musu toho na sama, tana faɗa tana dariya. Har Pak Sobana na gani da ganye a hannu yana tambaya ko wannan ya yi. Kwandon ya cika ya tumbatsa.

Bi Onah ta sauke shi daga bayan 'yarta da kanta, ta ce je ki, Neng, kada su ƙarasa min gonar. Haka ta hau motar da takalmin roba da malafarta, ta takure a lungu. Pak Engkos yana gaba kusa da direba, ba ta san yana ciki ba.

A sansanin Teh Wiwin ta riga ta ɗaura igiyoyi. Muka taru a gindin itacen. Shi ne dai, ban ce a canja ba. Sai ga Pak Engkos ya zagayo yana dogara sanda, sanye da ɗamarar hawa. Na ji Nenden ta ja numfashi, na riƙe mata hannu don kada ta ruga, sanyi ƙalau. Ya zauna a kan kututture, ya cire hularsa ta sallah a gaban kowa, ya ɗora ta kwano a kan ɗinkin, ya bar madaurin yana reto. Ya ce yana neman mai duba shi.

Yaran nan da suka jijjiga min kai har na kusa manta sunana, ko ɗaya bai motsa ba. Popon ma ta harɗe hannu ta kalli sama. Ban koya musu wannan ba, su suka shirya abinsu.

Pak Sobana ya fara gyaran murya, na taka masa ƙafa, Allah ya yafe min. Sai Pak Engkos ya ce, a hankali, yana laluben kalmomin:

"Neng, ban tuna ranar nan ba, ke kaɗai kike ɗauke da ita. Zo ki sauke. Ga kan."

Ya sunkuyar mata da shi.

Ta zame hannunta daga nawa. Ta je, ta ja ɗamarar, ta murɗa ƙugiyar. Ta tsaya. Ta ce a gafarce ta, hawaye yana ɗiga a kan takalmin roba, ta ɗaga hannu biyu ta ɗora a kan malaminta. Ta gyara zaman hular don kada ta danne ɗinkin, ta ɗaure madaurin, ta sa yatsa, ta ce ya yi sako-sako, ta kwance ta sake ɗaurewa. Sannan ta jijjiga, a hankali amma ta jijjiga.

Ni nan na ɗauka an gama, har na buɗe baki zan yi guɗa. Ashe mutumin nan da nasa shirin. Ya miƙe, ya yar da sanda, ya nufi tsanin igiya ya kama matakin farko, wai ai an duba shi. Rantsuwar da na yi wa matarsa ta faɗo min. Teh Wiwin ta yunƙura. Nenden ta riga ta, ta sha gabansa ta dafe tsanin.

"Ban ce ka hau ba, Pak."

Ya ce ai komai ya ɗauru. Ta ce komai ya ɗauru, amma hannunsa na dama yana rawa, ta gani tun yana sa hula. Har na bayan layi sun ji.

"Ba za ka hau ba. Koma ka zauna."

'Yar mai tsinkar shayi, a gaban shugaban makaranta, ta ce wa malaminta ya koma ya zauna. Ya kalle ta, ya kalli hannunsa, ya saki tsanin. Ya koma kan kututturen ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna motsi, har yanzu ban san dariya yake ko kuka ba. Teh Wiwin ta ce doka ce, mai dubawa ya hana, magana ta ƙare. Sai yara suka kece da ihu, tsuntsaye suka watse daga itatuwa.

Da ya ɗago ya ce to tunda an hana shi, sai wani ya hau masa, ba zai koma gida a ce igiyar nan ta ci shi ba. Ya miƙa wa Nenden hular. Aka nemo mata takalmin aro, shi ya duba ta da hannun hagu, ya ce hau. Popon da wasu suka riƙe igiyar tsaro, saura suka jeru a bayansu. Ta hau. A tsakiyar gadar igiyar ta tsaya, daidai wurin da abin ya faru. Na rufe ido, na buɗe ɗaya. Daga ƙasa Popon ta ce mata ta yi sauri hannunsu ya gaji, ita ba jaka ba ce. Nenden ta ce daga sama ta yi mata shiru ta riƙe da kyau. Ta taka, ta taka, ta rungume itacen ƙarshe.

Na yi guɗar da na haɗiye ɗazu, da riba. Pak Sobana ya cire tabarau yana gogewa, wai hazo ne. Bayan nan kowa ya hau, muka baje shinkafa a ganyen ayaba da busasshen kifi da yaji, aka ci da hannu a layi ɗaya. Nenden ta ci kamar wadda ta kwana uku ba ta ga abinci ba.

A hanyar dawowa na tambaye ta Litinin fa? Ta ce sai abin da uwarta ta ce. Ban matsa ba.

Lahadi, da yamma

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Kang Yayat ya ce in zauna, na ce ba zan iya ba.

Litinin, da hantsi

An kaɗa ƙararrawa ba ta zo ba. Na fara kiran suna, na tsallake nata, na rubuta lissafi a allo na goge don ban san me na rubuta ba.

Can sai na jiyo muryar Pak Sobana a bakin ƙofar makaranta yana yi wa wani faɗan makara. Na leƙa ta taga. Ita ce, siket ɗinta duk taɓo har gwiwa, jaka a rungume a ƙirji, da ƙafa ta sauko daga gona don ruwa ya hana babura hawa. Ya ce doka doka ce, ya miƙa mata tsintsiya ta share tsakar makaranta kafin ta shiga aji. Ta karɓa.

Na ba yara aikin da za su yi, na dawo taga. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin ganin an hukunta yaro ba sai yau. Tana can tana shara, ta kusa kaiwa gindin tuta. In ta gama zan kira sunanta.